Yoyon fitsari: yadda wata mata ta fito daga ɗakin da aka ware ta har ta zama wadda ake bugo wa waya tsakar dare

Kafin abin ya faru

Wannan bayani ne a kan mace ɗaya, ba za a ambaci sunanta ko garinsu ba. An yi mata aure tana da shekara 15, ta samu ciki a shekarar farko, lokacin haihuwa tana 16. 'Yar ƙaramar halitta ce, jikinta bai gama ginuwa ba, karatu kuma iyakarta aji 4 na firamare. Daga ƙauyensu zuwa ƙaramin asibitin da ke da nas tafiyar kamar awa ɗaya ce a babur, zuwa babban asibitin da ake iya yin tiyata a ciro jariri kuwa sai an yi awa 3 zuwa 4 a mota, in hanya na da kyau kenan, in ruwa ya sauka sai dai abin da Allah ya yi. Duk tsawon cikin sau ɗaya ta je awo, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Kuma a zuwan nan ɗaya babu wanda ya zaunar da mijin ya ce masa yarinyar nan fa a asibiti ya kamata ta haihu.

Kwana 3 a kan gwiwa

Naƙuda ta fara da yamma. Ranar farko kowa ya ce ai haihuwar fari ce, haka take, a yi haƙuri. Rana ta biyu ungozoma ta yi iya yinta, aka ba ta jiƙe-jiƙe, aka danna cikin, shiru. Mijin ba ya gari, uwar mijin kuma ta ce ita ba za ta fitar da matar mutum daga gida ba tare da izininsa ba, sai da daddare aka same shi a waya. Aka kuma shiga neman mota da kuɗin mai. Da asubar rana ta uku aka isa ƙaramin asibiti, nas ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfinta, aka wuce babban asibiti, can aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji babu rai.

Abin da ya faru a cikin jikinta a kwanakin nan shi ne, kan jaririn ya sauko ya maƙale a ƙugu, mahaifa kuma tana ta turowa ba ta fasa ba, sai naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya matse tsakanin kan jaririn da ƙashin mara. Nama in ya daɗe jini bai isa gare shi ba mutuwa yake yi. Ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana 3 zuwa 10 mataccen naman ya zube ya bar rami, daga nan fitsari ba ya taruwa a mafitsara sam, yadda ƙoda ke tace shi haka yake bi ta ramin yana zuba dare da rana. Ita a rana ta 6 ta farka ta ga shimfiɗa a jiƙe. Ƙafarta ta dama ma ta ƙi ɗaguwa, tana tafiya tana ja, saboda kan jaririn ya danne jijiyoyin da ke saukowa ƙafa. A irin wannan naƙuda kusan jarirai 9 cikin 10 ba sa zuwa da rai, to nata bai fita daban ba.

Watan farko zuwa shekara ta 2: abubuwan da aka gwada a gida

Da farko an ɗauka jego ne zai wuce. Da bai wuce ba aka koma saiwoyi da hayaƙi da abin sha iri-iri, aka sayar da 'yan kayan ɗakinta ana biya, babu wanda ya taɓa ramin dan ba abin da ganye zai ɗinke ba ne. Akwai wata dama da ta wuce a makonnin farko ba tare da kowa ya sani ba: in aka sa wa mace robar fitsari da wuri aka bar ta mako 4 zuwa 6 tana shan ruwa sosai, ƙaramin rami sabo yakan iya haɗewa da kansa ba sai an yi ɗinki ba. Ba kowa ke dacewa ba amma wasu na dacewa. Ita kwana 2 robar ta yi aka cire aka sallame ta.

Sai ta ɓullo da tata dabarar, wadda kusan duk mai wannan larura ke faɗawa ciki, wato ta rage shan ruwa wai dan yoyon ya ragu. Yoyon bai tsaya ba, sai dai fitsarin ya yi kauri, zarnin ya ninka, cinyoyinta suka saɓule suka yi gyambo, ga ciwon mara ba ƙaƙƙautawa. Wasu matan har tsakuwa ke fito musu a mafitsara ta wannan hanyar.

Mijin ya yi wata 5 yana haƙuri, daga nan ya ce ta je gida ta yi jinya, takarda ta biyo baya. A gidan iyayenta ba wanda ya kore ta, amma an ware mata ɗaki can baya da kwanonta da tabarmarta, ba ta girki, ba ta zuwa taro, in baƙi sun zo sai ta ja ƙofa. Abin da ya fi cin ranta shi ne ta bar sallah na tsawon lokaci saboda tana ganin ba ta da tsarki, sai daga baya wani malami ya gaya wa babanta cewa mai irin wannan larura tana da uzuri, ta yi alwala ta yi sallarta. Ta ce a shekarun nan 2 ba ta taɓa jin cewa akwai wata mace a duniya mai irin ciwonta ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa mata 50,000 zuwa 100,000 ke kamuwa duk shekara, kusan dukkansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, kowacce tana ɓoye a nata ɗakin tana zaton ita kaɗai ce.

Shekara ta 3: aikin farko

Wani ɗan uwansu ya ji a rediyo cewa likitoci za su zo wani asibiti na 'yan kwanaki su yi aikin yoyon fitsari kyauta. Aka kai ta, aka yi mata, likitocin suka tattara suka tafi tun kafin a cire mata roba. A mako na 2 robar ta toshe cikin dare babu wanda ya lura, mafitsara ta cika ta kumbura, ɗinkin ya ɓalle. Ta koma gida da yoyonta, ga kuma tabo a wurin.

Wannan ba ƙaramin koma baya ba ne, domin likitocin wannan fanni duk sun yarda aikin farko shi ne babbar dama. Ramin da ba shi da sarƙaƙiya, a hannun ƙwararre, 8 zuwa 9 cikin 10 kan rufe a karon farko, amma duk aikin da ya lalace yana barin tabo mai tauri kuma yana cin naman da za a kamo a ɗinke, sai na gaba ya fi wuya. Ta yi kusan shekara ɗaya ko maganar asibiti ba ta son ji.

Shekara ta 4: aiki na biyu

Wadda ta shawo kanta wata mata ce daga wani ƙauye da aka yi wa aiki ta warke. Ba wani dogon bayani ta yi ba, zuwa ta yi ta zauna a kan tabarmarta suka yi hira awa guda, ta tashi ta nuna mata zanenta a bushe. Ita ta raka ta cibiyar da aikin yoyon fitsari kawai suke yi shekara da shekaru.

Irin waɗannan cibiyoyi ba su da yawa. A Habasha akwai asibitin da Dokta Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a Addis Ababa a 1974, a Najeriya akwai Babbar Ruga a Katsina inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa dubban mata aiki tun shekarun 1980 ya kuma koyar da likitoci da nas-nas da dama, akwai ta Ningi da ta Abakaliki, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Bambancinsu da aikin 'yan kwanaki yana wajen jinya ne, nas ɗin da ke wurin ta san toshewar roba na awa kaɗan zai iya rusa aikin gaba ɗaya.

Ba a yi mata aiki nan take ba. Sai da aka yi mako 3 ana maganin gyambon, ana ƙara mata jini a jiki da magani da abinci, ana tilasta mata shan ruwa lita da yawa kullum, abin da ta yi shekara 3 tana gudu, ana kuma yi wa ƙafar gashi da motsa jiki. Aka yi aikin da allurar kashe zafi ta baya, aka zuba ruwa mai launi a mafitsara dan a ga ko zai ɓullo ta wani wuri, bai ɓullo ba. Robar ta yi kwana 14 saboda aiki ne na biyu (a rami mai sauƙi kwana 7 zuwa 10 ya isa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018). Aka cire, ta kwana a bushe. Sharuɗɗan sallama: babu kusantar namiji na tsawon wata 6, babu ɗaukar kaya mai nauyi, kuma duk cikin da za ta sake samu tiyata za a yi mata tun kafin naƙuda ta kankama. Har yau in ta yi tari mai ƙarfi ɗan ɗigo kan zo, wannan yana samun wani kaso na matan ko da ramin ya rufe.

Wani abu ya faru a ɗakin jinyar wanda ba ya cikin fayil ɗinta. Da ta samu sauƙi sai ta shiga taya nas-nas, ta juye wa wannan bokitin roba, ta tashi waccan cikin dare ta sha ruwa, sabbin zuwa da ke rufe fuska ita ke zama da su. Wata babbar sista ta lura ta fara koya mata alamomin haɗari ga mai ciki da baki, tana maimaitawa har ta haddace. Ba sabon abu ba ne wannan, a Addis Ababa, wajen su Dokta Hamlin, wata majinyaciya mai suna Mamitu Gashe da ta zo tana 'yar shekara 16 ba ta iya karatu ba, daga gyaran gado ta kai ga ita ke yin aikin da hannunta tana koyar da likitoci.

Shekara ta 5: keken ɗinki

Da za ta tafi wata ƙungiya ta koya musu ɗinki na mako 6 ta ba kowacce keke. A gida abin bai tafi ba. Mako 6 ba ya mai da mutum tela, ƙauyen na da teloli tun da, kuma mata ba sa kawo mata kaya, wasu na ƙyama har lokacin duk da ta warke, wasu na cewa wai abin zai dawo. Cikin wata 8 aka sayar da keken. Ta warke a jiki amma zamanta na nan yadda yake, tana ɗakin baya, sai dai yanzu ƙofar a buɗe.

Shekara ta 5 zuwa ta 6: faɗakar da mata

Ƙanwarta ta samu ciki, ita kuma ta tsaya kai da fata sai a asibiti za ta haihu, har da rigima da mijin ƙanwar, aka yi, aka sauka lafiya. Daga nan ta fara bi gida-gida tana gaya wa masu ciki abin da sista ta koya mata: zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, fitowar hannu ko cibiya kafin kai, da doguwar naƙuda. Mata na saurara, wasu har da hawaye, kowacce ta ce in sha Allahu.

Cikin shekarar wata yarinya da ta zauna da ita har sau 3 ta kwana 2 tana naƙuda a gida, jaririn ya rasu, Allah ya kiyaye ba ta samu yoyo ba. Da ta je ta tambaye ta me ya faru bayan duk abin da suka tattauna, yarinyar ta ce Yaya ni na faɗa, amma wa zai ji ni a lokacin. Nan ta gane cewa ta yi shekara tana magana da wadda ba ita ke yanke hukunci ba, ba ita ke da kuɗi ba, ba ita ke da mota ba.

Shekara ta 7 zuwa ta 9: canza hanya

Masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun rubuta tun 1994 cewa jinkiri uku ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ita ba ta san da rubutun ba, amma ukun duk sun bi ta kanta, kuma abin da ta koma yi ya zo daidai da biyun farko.

Ta fara da babanta, shi ya kai ta wajen mai gari, ta durƙusa ta ce ranka ya daɗe ga abin da ya same ni ga kuma yadda aka yi ya same ni, ta lissafa awa-awa inda lokaci ya tafi. Wannan ne karon farko da ta ba da labarin a gaban maza, kuma ta ce ya fi mata aikin tiyatar wuya. Mai gari da liman suka tara magidanta, aka tsayar da magana ɗaya wadda kowa zai iya riƙewa ba sai da agogo ba: in rana ta fito ta faɗi, ko ta faɗi ta fito, mace tana kan gwiwa, a tafi. Wannan ya yi daidai da awa 12 da ma'aikatan lafiya ke ɗauka a matsayin alamar haɗari. Aka kuma ce kowane miji ya ba da izini tun cikin na wata 7, a gaban uwarsa, cewa ko ba ya nan a fita da matarsa. Wannan izinin na tun farko shi kaɗai ya cire abin da ya ci mata yini guda cur.

Sai mota. Direbobi 2 na ƙauyen suka yarda a kira su ko ƙarfe nawa ne a biya kuɗin mai kawai, irin tsarin da ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi a jihohi da dama na arewacin Najeriya na ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Aka buɗe asusu kowane gida na saka ɗan abu duk wata. Asusun farko ya rushe cikin shekara ɗaya, dan an riƙa ranta ana wasu hidimomi ba a maidowa, ranar da aka buƙace shi babu komai a ciki. Na biyu aka ce mutum 3 ke riƙe da shi, ba ya fita sai dan haihuwa, kuma ana karanta lissafi a bainar jama'a. Wannan ya zauna. Aka samu samari suka je aka gwada rukunin jininsu aka rubuta, saboda in an isa asibiti aka ce a kawo jini kada a fara neman mutum daga farko.

Ungozomar da ta karɓi naƙudarta tun farko ita ta fi ba ta wahala, tana ganin an zo a raba ta da sana'arta da mutuncinta. Ba ta yi faɗa da ita ba, Iya take ce mata, kuma ta nemi a sa ita ce mai raka mace asibiti a gaban mota, ana ba ta ɗan abin da ta saba samu. Tun daga nan tsohuwar ce ke fara bugo waya.

Inda ake yanzu

Ta sake aure a shekara ta 8, mijin ya san komai tun kafin a ɗaura. Ta haifi 'ya mace ta hanyar tiyata da aka sa wa rana. Ta koma makarantar manya, tana da littafi da take rubuta sunan duk mai ciki a ƙauyen da watan da ake sa ran haihuwarta. Ta raka mata da dama masu yoyo daga ƙauyukan kewaye zuwa cibiyar da ta warke, har da wata da ta haura shekara 20 da ciwon. Tun da aka fara tsarin ba a samu sabon yoyo a ƙauyen ba, amma an rasa mace ɗaya da zubar jini bayan haihuwa a daren da ruwa ya cinye hanya, mota ta kasa wucewa. Ba a biyanta ko sisi a kan wannan aiki.

Me ya yi aiki, me bai yi ba, kuma me ya sa

A ɓangaren jiki maganar a fili take. Maganin gida da rage ruwa sun ƙara ciwo ne, aikin farko ya lalace saboda babu jinya a bayansa, na biyu ya yi saboda an shirya jikin kafin a taɓa shi kuma an tsare robar bayan an gama. A ganina duk ƙungiyar da za ta kawo likita na kwana 5 ba ta tanadi nas ta kwana 14 ba, tana ƙone wa matan damarsu mafi kyau ne da sunan taimako.

Keken ɗinki kuwa an ba ta ne a kan tunanin cewa matsalarta kuɗi ce. Kuɗi na ciki, amma abin da ciwon ya ƙwace mata ya fi kuɗi, ya mai da ita wadda ba a buƙata a komai, kuma keke ba ya gyara wannan in babu mai kawo ɗinki. Abin da ya dawo da ita cikin mutane ya fara ne a ɗakin jinya lokacin da wata ke jiran ta tashe ta shan ruwa, ya kuma cika lokacin da ta zama tana riƙe da wani sani da ƙauyen ba shi da shi. Kuma wahalar ita kaɗai ba ta koya mata komai ba, shekara 3 tana ciki ba abin da ta ƙaru da shi sai gyambo, sai da wata ta zo ta zauna a tabarmarta, wata kuma ta koya mata alamomin nan.

Faɗakar da mata ya gaza ne dan sani ya tsaya a hannun wadda ba ta da iko, ya fara aiki da aka kai shi wurin miji da uwar miji da direba da ungozoma, aka kuma yanke shawara tun kafin ranar firgici. Ƙauye ɗaya ne, shekarun kuma kaɗan, dan haka rashin sabon yoyo ba hujja ce da za a ɗora wa nauyi sosai ba.

Kuma tsarin nata yana da iyaka. A Turai da Amurka wannan ciwo ya ɓace ne tun farko-farkon ƙarni na 20 saboda tiyatar haihuwa ta zama abin da kowace mace ke iya samu a kan lokaci. Asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da yaƙi da yoyon fitsari a 2003, tun 2013 ake tunawa da shi duk 23 ga Mayu, an kuma sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshensa, amma jinkiri na uku na nan, kuma ba ya hannun mai gari ko direba. Sau 2 motarsu na isa babban asibiti a kan lokaci a tarar babu likitan da zai yi aiki sai gari ya waye. Akwai kuma wata sabuwar matsala da cibiyoyin ke ƙara gani, yoyon da ake samu wajen ita tiyatar haihuwar in wanda bai ƙware ba ya yanki mafitsara. Wannan jinkiri na uku take bi yanzu, ita da mai gari suna neman a ba ta kujera a kwamitin lafiya na yankinsu, an ce musu a jira sabon zaɓen kwamiti.